Farar Ƙwayar da Ba Ta Kama Baba Ba

A gidanmu na Wurno, mai kiwon kusu ake ce mini. Kusu dai shi ne ɓera a bakinmu. Sunan ya samo asali ne ranar da na yi gangancin gaya wa Yaya, babban wanmu, cewa a jami'a akwai ɗaki guda da aka ware wa ɓeraye, da fankarsu, da abincinsu na musamman, kuma ni ce ke ɗawainiya da su saboda binciken digirina na biyu. Daga nan matan gidan in suka ga ɓera ya gilma ta bayan rumbu sai su ƙwala mini kira, wai in fito ɗan ajinmu ya biyo ni. Nakan yi dariya, amma ba kullum take kai mini ciki ba.

Jinsi biyu nake da su, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa. Kowane jinsi an daɗe ana haɗa shi da danginsa har jininsu ya zama ɗaya. Aikina shi ne in yi musu allurar kashe zafi, iri ɗaya, gwargwadon nauyin kowa, sannan in ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan wani faranti mai ɗumi, ɗumin da zai dame su amma ba zai ƙona su ba, in jira in ga yaushe ɓera zai ɗaga ƙafar baya ya lasa. Masu ruwan ƙasa sai su miƙe abinsu suna lumshe ido. Baƙaƙen kuwa nan da nan sun fara lasar ƙafa, sai ka rantse ruwa na tsira musu. Abinci ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana. Ba ragwanta ba ce, ba kuma jarumta ba ce a wurin ɗayan. Abin a jini yake, haka kowa ya gado.

Malamar da ke duba aikina ta koya mini wani abu kuma. Ɓera ba ya kuka in yana ciwo, domin a dawa wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Sai dai a duba fuska: ido ya ƙanƙance, kunnuwa su kwanta baya, gashin baki ya ƙame. Na yi ta kallon waɗannan 'yan fuskoki har idona ya saba, ban san inda sabon zai kai ni ba.

Da bazara aka kira ni gida. Ciwon daji ya kama Baba, ya shiga ƙashin baya da kwankwaso, asibitin birni sun sallamo shi sun ce babu sauran abin yi sai rage masa zafi. Suka haɗo shi da wata farar ƙwaya. Na ɗauki hutun da nake zaton gajere ne, na bar wa wata abokiyar karatuna ɓerayena, na hau mota.

Baba malami ne. Magidanta ne ɗalibansa, manoman shinkafa da albasa da 'yan kasuwa, suna ɗaukar karatu a zaurensa tun kafin a haife ni. Abin da aka fi saninsa da shi dubiya. Duk inda aka kwanta ciwo, daga cikin gari har Marnona, sai ya je ya zauna a bakin shimfiɗa ya yi wa majinyaci magana a kan haƙuri, da murya mai sanyi, har mutum ya ji kunyar nishinsa. To da shi ya kwanta, garin ya taso biyan bashi. Babura a ƙofar gida ba masaka tsinke. Ɗakinsa ba ya rabo da mutane daga hantsi zuwa magariba, ga zafin rana, ga warin albasar da aka jibge a rumfar maƙwabta yana shigowa ta taga. Duk wanda ya shigo zai durƙusa ya ce ya jiki, a ce masa da sauƙi. Kowa ya san babu wata amsa bayan wannan. Ni kaina na sha jin an ce da sauƙi da safe, da yamma a yi jana'iza.

Baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin albasa ne a Goronyo. Shekarar da ta gabata buhuna sun rikito masa daga kan mota sun karya masa ƙugu, aka ba shi irin wannan farar ƙwaya. Yana ganin kwalinta a gefen Baba ya ɗauka ya ɗaga sama.

"Wanga magani ai na san shi!" in ji Baffa. "Rabi ɗai nis sha, wallahi ban san inda kaina shike ba sai da anka tashe ni sallar Azahar. In wanga bai kashe ciwo ba, to ba ciwo na ba."

Baffa mutum ne mai son labari, kuma ba ya gajiya da maimaita shi. Duk ayarin da ya shigo sai ya ji yadda rabin ƙwaya ta kayar da dillalin Goronyo. Kafin a jima kowa a garin ya san Malam yana kan magani mai ƙarfi, an gode Allah.

Wata rana da hantsi ana gyara masa matashi, nishi ya kuɓuce wa Baba, mai tsawo, daga can cikin ciki. Ina bakin ƙofa da kwanon ruwa. A cikin masu dubiya akwai wani taubashinsa daga Rabah, tsoho mai barkwanci, wanda tun suna yara ba ya ganin Baba bai tsokane shi ba.

"Haba Malam," in ji shi yana dariya, "kai da kah hana muna nishi shekara da shekaru, yau kai ka nishi? Ga magani kuma ka sha?"

Wasa yake, na sani, kuma hakkinsa ne na taubashi. Aka yi 'yar dariya, Baba ma ya murmusa. Amma daga wannan rana ban ƙara jin ko tarinsa ba in da baƙo a ɗakin.

Ni ce mai kai masa ruwa da magani, don haka ni ce mai ganinsa kusa. Yana shan ƙwayar a kan lokaci, ba ya fashi. Sai in tsaya in jira abin da na san ya kamata ya biyo baya, lumshe ido, sakin kafaɗa, ko hamma ɗaya. Babu. Idonsa ya ƙanƙance, fatar goshinsa ta tattare, haƙoransa a cije a ƙarƙashin gemu, yatsun ƙafarsa a dunƙule cikin mayafi. Hannunsa na hagu, wanda ke wajen bango inda baƙi ba sa gani, ya tsittsinke bakin tabarma har ta zama zare-zare. Kowace safiya nakan share kabar da ya tsinka in zubar kafin a fara shigowa.

Na san akwai magungunan da sai hanta ta juya su kafin su yi aiki, kuma akwai mutanen da hantarsu ba ta iya wannan juyin, haka aka halicce su. Ɗan'uwanka na jini yana iya samun hanta mai juyin kai ka rasa. Ban auna jinin Baba ba, babu inda zan auna. Na kuma san ciwon daji a ƙashi ba karayar ƙugu ba ne. Amma mutumin da ko gyangyaɗi ƙwayar ba ta sa shi, sai tashin zuciya da taurin ciki, ba ya bukatar a ƙara masa ita. Wata yake bukata daban.

Na fara da Inna, mahaifiyarmu. Tana tankaɗe a gindin darbejiya na gaya mata. Ba ta ɗago kai ba.

"Mi za ni ce?" in ji ta. "Shi yas san jikinai. In yac ce da sauƙi, da sauƙi na."

Ita ce ke kwana a ɗakin, ta fi ni sanin bai runtsa ba. Amma Inna ba ta taɓa kama sunan Baba ba tun da aka kawo ta gidan, balle ta tsaya a gaban maza ta ce maganarsa ba haka take ba.

Sai na je wa Yaya. Laifina ɗaya, na kawo masa misalin ɓerayena. Ya bar ni na gama, sannan ya ajiye makullin babur ɗinsa a kan gwiwa.

"Ke, mi kika son ki ce? Baba da bakinai yac ce da sauƙi. Ke kin hi shi sanin jikinai? Baffa ya sha ya yi kwana, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kada in ƙara jin kin haɗa Baba da kusu."

Na so in ce masa ai jini ɗaya ne ya haifo shi mai tsawo ya haifo ni guntuwa. Na haɗiye, domin idonsa ya kawo ruwa. Yaya ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma da sauƙin nan ita kaɗai yake riƙe da ita.

Akwai likita ɗan garinmu da ke aiki a birni, yana leƙo gida ƙarshen mako ya duba Baba. Shi ma ya ɗauki karatu a zauren nan yana saurayi. In ya shigo sai ya cire takalmi tun daga soro, ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, ƙaƙa jiki?" Baba ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ya auna jini, ya duba idon sawu, ya roƙi addu'a, ya tafi. Na samo lambarsa a wayar matar Yaya na kira shi a ɓoye daga bayan madafa. Ya saurare ni da kyau, bai raina ni ba. Ya ce maganin da nake nufi a kulle yake a birni, sai da sa hannu da bayani, kuma ba zai iya nemo shi ga majinyacin da ya ce lafiya yake ba.

"Ki sa shi hwaɗa min da bakinai," in ji shi. "Ni ban iya matsa ma Malam."

A wannan tsakanin abokiyar karatuna ta kira ta ce ɓerayena sun wuce shekarun gwaji, in na dawo sai dai in sake sabon zubi. Na ce mata to. Ban ji komai ba. Gidan ya zame mini ɗaki uku: madafa, tsakar gida, da bakin ƙofar Baba. Ta zaure ba na iya fita saboda maza, kuma ko na fita ina za ni da abin da na sani?

Ranar wata Juma'a maza duk suka tafi masallaci, ɗakin ya zama ni da shi kaɗai. Na ba shi ƙwayar ya haɗiye, na zauna ina yi masa fifita. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, mi kika kallo?"

"Baba, maganin ga ba shi yi maka komi."

Bai musa ba. Sai na yi masa bayani a hankali, na faranti mai ɗumi, da masu ruwan ƙasa da ke barci, da baƙaƙen da ke lasar ƙafa, da hantar da ba ta juya magani. Ya saurara irin sauraron da yake wa ɗalibi mai kawo mas'ala. Har ya tambaye ni ko baƙaƙen in an canza musu wani maganin suna samun sauƙi, na ce sau da yawa suna samu.

"To ni na baƙin kusun ke nan," in ji shi. Ya fara dariya, dariyar ta taɓo ƙashin, ya damƙi tabarma har zafin ya wuce.

Na ce, "Baba, kalma ɗaya za ka ce ma likita."

Ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗaki.

"Mutanen ga da kika gani," ya ce, "babu wanda ban zauna bakin shimhiɗar ubanai ko ɗanai ba nic ce a yi haƙuri. Sun yi. Wasu da haƙurin ga bakinsu sunka cika, ko ƙwayar ba su samu ba. Yanzu ni da anka ba magani mai kada dillali, in ce musu nawa ciwon ya hi nasu? Gobe in nasu ya zo mi za su riƙa?"

Na ce neman magani ba rashin haƙuri ba ne, shi ya koya mana. Ya ce haka ne, a karatu. Sannan ya juyo da ƙanƙantattun idanun nan ya dube ni.

"Ban yarda ki hwaɗa ma kowa ba. Kin jiya?"

"Na jiya, Baba."

Da ban yi masa maganar ba, da ina da sauran hanya. Yanzu ya tabbatar mini da bakinsa, ya kuma ɗaure ni da bakinsa. Na ji haushinsa, haushi na gaske, irin wanda ban taɓa zaton zan ji game da Baba ba. Na ji haushin Baffa da labarinsa, da tsohon Rabah da wasansa, da garin gaba ɗaya da ke zuwa kullum ya karɓi da sauƙi ya tafi da ita gida. Na ci gaba da ba shi ƙwayar da na san ba ta da amfani, ina miƙa ruwa, ina cewa sannu. Ya daina cin tuwo. Sallah ma da ido yake yi. In baƙi suka fita a yi alwala, sai in ga ya buɗe baki yana jan iska ba sauti, da ya ji takun takalmi ya rufe.

Likita ya sake zuwa wata Asabar da la'asar. Ɗakin cike, Baffa na nan, Yaya na nan, ga wasu ɗalibai daga Kagara da suka kawo gero. Na kawo ruwa na durƙusa a bakin ƙofa. Na ji an yi tambayar, na ji an ba da amsar. Likita ya naɗe abin awon jininsa, ya ɗaga hannu a yi addu'a. Na duba wajen bango, na ga hannun Baba ba ya ma iya tsinkar tabarmar.

Ban shirya ba. Muryata na ji ta fita.

"Likita, ba sauƙi. Baba bai kwana. Maganin ga ba shi yi mashi komi. Ka taɓa bayanai ka gani."

Yaya ya yunƙura zai tashi, Baffa ya riƙe masa riga. Ɗaliban Kagara suka sunkuyar da kai ƙasa. Mace ta yi magana a zaman maza, ta kuma ƙaryata mahaifinta a gaban ɗalibansa, duka a numfashi ɗaya.

"Hita," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba.

Na tashi, amma ban wuce labule ba. Ta gefen labulen na ga likita ya matso, ya ce, "Malam, a gahwarce ni," ya sa tafin hannu a ƙasan bayan Baba ya ɗan danna. Ƙarar da Baba ya yi har awakin da ke ɗaure a bayan gida sai da suka firgita. Inna ta saki muciya a madafa. Ban taɓa jin irin wannan sauti daga bakin mutum ba, kuma na san ya daɗe yana riƙe da shi.

Bayan kwana kaɗan likita ya dawo da kansa da wata 'yar kwalba daga birni, ya koya wa Yaya yadda ake aunawa. Ni kuwa tun daren Asabar ɗin Inna ta kawo mini saƙo, idonta a ƙasa: Malam ya ce kada in ƙara shiga ɗakinsa. Yaya ya karɓi ruwa da magani. Masu dubiya suka ragu, ban sani ba ko kunyarsa suke ji ko tausayinsa. Matan gidan suka daina tsokanata, suka daina ma yi mini doguwar magana. Matar Yaya ta ce da ita ce ni da ta koma makaranta. Ban koma ba.

Ranar da aka fara ba shi na kwalbar, da azahar ina wanke-wanke sai na ji wani sauti ta tagar ɗakinsa. Na ajiye kwano na matsa. Minshari ne. Baba ne ke minshari da rana tsaka, mai nauyi, irin na manomin da ya dawo daga fadama. Na zauna a ƙasa na jingina da bangon, bangon da zafi, na yi kuka har na gode Allah. Da yara suka shigo da gudu na kore su da hannu.

Ban yi nadama ba, har yau ban yi ba. Amma ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Ya koma cin abinci kaɗan-kaɗan, ya koma sallah a zaune. Ta taga nakan ji shi yana hira da Baffa, wata rana har na ji yana gyara wa wani ɗalibi karatu. Muryarsa tana iso ni a tsakar gida, ni ban isa in ɗaga labule ba. Kullum ina sa ran Inna za ta fito ta ce Malam na kira. Takan fito, ta wuce ni, ta ɗauki buta.

Da jikin ya ƙara yin ƙasa, kunun tsamiya kaɗai yake iya sha. Ni nake damawa da asuba, in tace shi sau biyu don kada ya sarƙe shi, in ba Inna ta shiga da shi. Mun yi shiru a kan wanda ke damawa, kada ya ƙi sha.

Ruwan farko ya sauka, aka fara shuka gero. Wata safiya Inna ta fito da kwanon, saura rabi a ciki. Maimakon ta wuce sai ta tsaya a kaina.

"Ya ce a hwaɗa ma Uwatai tsamiya ta yi yawa," in ji ta. "Ki rage gobe."

Na karɓi kwanon da hannu biyu. Na tambaye ta ko ya ce wani abu kuma, ta ce a'a, iyakarta ke nan.

Washegari na tashi tun kafin kiran sallah, na jiƙa tsamiya 'yar kaɗan, na ɗanɗana, na ƙara ruwa, na sake ɗanɗanawa. Ina cikin tacewa ta biyu na ji salatin Yaya daga ɗakin Baba, yana ta inna lillahi. Na ƙarasa tacewar, na zuba a kwanonsa, na rufe da faifai.